Abin da Na Tarar a Aikin Jinya a Ingila

Abokan aikina na gida Najeriya ba su cika tambayata komai ba sai albashi da sanyin ƙasar, alhali abin da ya fi tsaya mini a rai tun zuwana Ingila shi ne wani dare da na kwana aiki a ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata. Wani dattijo ya fara numfashi sama-sama, jikinsa ya ɗauki zafi, awon jininsa kuma yana sauka. A nan akwai ma'aunin da ake kira NEWS2, wanda Kwalejin Likitoci ta Masarauta ta fitar a 2012 da sunan NEWS ta sabunta a 2017: a auna numfashi, da iskar oksijin a jini, da bugun zuciya, da awon jini, da zafin jiki, da hayyacin majinyaci, kowanne da makinsa. Jimilla ta kai 5, a nemi likita da hanzari. Ta kai 7, lamarin ya zama na gaggawa. Na dattijon nan ya kai 7, sai na ɗauki waya.

Wadda ta fara isowa malamar jinya ce daga tawagar kula da masu tsananin ciwo. Ta saurare ni har na gama, ta sa abin sauraro ta duba ƙirjinsa, ta ba da umarnin ɗibar jini, sannan ta rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ta sa hannu da sunanta. Tun 2006 doka ta ba malaman jinya da suka yi kwas na musamman damar rubuta kusan kowane magani a fannin da suka ƙware. Da likita ya zo, abin da ya fara tambaya shi ne me muke gani, kuma babu wanda ya yi mini kallon mai tayar da manya daga barci. Na daɗe ina tuna dararen da muka yi a gida muna jan ƙafa kafin mu ƙwanƙwasa ƙofar likita, don gudun a ce mun cika zaƙewa, majinyaci kuwa yana ta galabaita.

Wannan ƙarfin gwiwa karatu ne ya haifar da shi, karatun da ba ya yankewa. Hukumar da ke yi wa malaman jinya da ungozoma rajista a Birtaniya, NMC, tun 2016 ta wajabta sabunta lasisi duk shekara 3 da sharuɗɗa: awa 450 na aiki, awa 35 na ƙarin ilimi wanda 20 daga ciki tare da wasu za a yi su, da rubutu 5 na nazarin abin da mutum ya koya a bakin aiki, waɗanda zai tattauna da wani abokin sana'a. Mu ma a gida muna da bitar sabunta lasisi, amma kowa ya san yadda da yawanmu ke ɗaukarta: a sa hannu a takardar halarta, a karɓi shaida, a koma kan yadda babbar sista ta saba tun ƙuruciyarta. Ƙaramin ma'aikaci ya kawo sabon abin da ya karanta, sai a tambaye shi yaushe ya gama makaranta.

Kada dai a zaci shigowa nan da daɗi. Duk shekarun da na yi ina aiki, sai da na zauna a matsayin mataimaki mai ƙaramin albashi har na ci jarrabawar OSCE ta gwajin ƙwarewa a aikace, inda wata matashiya da na girme wa nesa ba kusa ba take tsaye da takarda tana duba yadda nake wanke hannu, ni kuma ina gaishe da mutum-mutumin roba ina neman izininsa kafin in taɓa shi. Ga kwasa-kwasan dole a kwamfuta da ake maimaitawa, ga rubuce-rubucen da ke cinye lokacin da ya kamata a yi a gefen gado. Kuma a gwanintar hannu ba su fi mu ba. Jijiyar da ta gagari mutum biyu, sau da yawa ɗan Najeriya ake kira ya nemo ta. Ina kewar ɗakunanmu masu cike da 'yan dubiya, domin a nan tsoho yakan yi mako guda ba wanda ya leƙo shi sai mu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, takardar NEWS2 kyauta ake sauke ta a intanet, kuma ba ta bukatar komai sai agogo, da ma'aunin zafi, da na awon jini, da ɗan abin auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa. Na tura wa tsohuwar shugabata ita tare da bayani, ta amsa da cewa za a duba idan an yi taron manya.