Kantar kicina ta tayil: abin da na kashe, da abin da na gani bayan wata 8

Tun 2022 nake son in raba kaina da kantar katakon da ke kicina a Aboabo. Damshin Kumasi ya ci ƙasanta, kyankyaso ya mayar da ita gida, wajen kwamin wanke-wanke kuwa katakon ya kumbura har yana ɓarewa. Amma shekarar ce sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100 a watan Disamba, kuɗin da aka faɗa maka da safe ba shi za ka tarar da yamma ba. Sai na haƙura, na ci gaba da zubin adashe. Da kwasata ta zo na nufi wani shagon tayil da ƙanwar maigidana ta yi mini kwatance.

Mai shagon dattijo ne, kuma abin da ya fara yi shi ya sa nake wannan rubutu. Ina nuna wani tayil ƙanana mai zanen fure, sai ya ce, "Hajiya, bango za ki yi ko wurin girki?" Na ce wurin girki ne, Alhaji. Ya ɗauko guda biyu ya kifa su, ya ɗiga ruwa a bayan kowanne. Mai furen nan take ya shanye, ɗayan kuwa ruwan ya tsaya a kansa kamar a kan faranti. Ya ce wannan na biyun shi ne fosilen, shi ke jure ruwa da manja. Wanda na so ɗin ya fi tsada a kwali, amma ya hana ni saye.

Na ɗauki mai faɗin santimita 60 kowane gefe, na Twyford da ake yi a nan Ghana, can Shama kusa da Takoradi. Guda 4 ne a kwali. Hikimar girman ita ce faɗin kantar ma 60 ne, don haka tayil ɗaya ya rufe daga bango zuwa baki. Tsawon kantata mita 3, guda 5 ke nan, gaɓa 4 kacal. Kantar banɗaki kuma, inda kwamin wanke hannu yake, ta ci 2. Sauran aka yanka aka bi baki da su, aka bar mini ɗaya na ajiya.

Ga abin da ya fita daga hannuna. Kwali 3 na tayil, sidi 510. Siminti, yashi, tsakuwa, rodi, bulo da katakon da aka tallafe kankare da shi, wajen sidi 1,100. Alminiyam na bakin kanta da garin cike gaɓa, 200. Mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, 60. Ladan magini da yaronsa, 900. Jimla 2,770. Tayil ɗin da kowa ke tambayata kuɗinsa ko kashi ɗaya cikin biyar bai kai ba. Duk matar da ta je shago ta ji kuɗin kwali ta dawo gida tana murna ta yi lissafi, to ta sani ba ta fara ba tukuna, kuɗin yana ƙarƙashin tayil. Na tambayi dutsen giranit kafin nan, aka faɗa mini kuɗin da ya ninka wannan, na bar shi ga masu hali.

Alhajin ne ya haɗa ni da maginin, kuma a kicin ban da abin cewa sai godiya. Ya zuba kankare, ya ce a riƙa yayyafa masa ruwa kwana 7 kafin a ɗora komai. Na matsa masa saboda a tsakar gida nake girki a kan kurfoti ga ruwan sama, ya ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, in na gaggauta ke za ki kira ni gyara." Da ya gama ya ba ni kwabo ya ce in bi kowane tayil ina ƙwanƙwasawa, duk wanda ya yi ƙara kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa. Babu ko ɗaya. Har yau tukunyar waakye, wato shinkafa da wake, nake saukewa a kai da zafinta, bai tsage ba, bai canza launi ba. Turmi kaɗai na hana a ɗora.

Inda raina ya ɓaci shi ne banɗaki. Ranar maginin ya tafi wani aiki ya bar wa yaronsa. Yaron ya yanka ramin kwamin ya fi kima, ya cike giɓin da siminti, kuma ya karkatar da kantar zuwa bango maimakon wajen kwami. Ruwa ya riƙa kwanciya a kusurwa. Na koma shagon na faɗa, Alhaji ya kira maginin a gabana, suka zo suka ɗaga tayil biyun. Ba su karɓi ladan gyara ba, amma ɗaya ya fashe wajen cirewa, na ajiyata ne ya maye gurbinsa. Da ban da shi, da sai an je neman mai launi iri ɗaya, kuma ko zane ɗaya ne, kwalin da aka gasa daga baya yakan ɗan bambanta.

Sai maganar cikon gaɓa, wadda babu wanda ya ja mini kunne a kanta, kuma a nan ina ganin shagon ya gaza. Fari aka sa mini. Fuskar tayil tsumma ɗaya take so ta koma sabuwa, amma layin nan shan mai yake yi. Manja, jan ruwan karan dawa na waakye, kurkur, duk sun bar shaidarsu. Gaɓa 4 ne kawai, duk da haka kowace Asabar sai na zauna musu da tsohon buroshin haƙori da sabulu. Maƙwabciyata da ta yi nata da ƙananan tayil, layinta ya fi 30, ita ta san abin da take sha.

Na riga na yi magana da maginin, bayan Sallah zai zo ya kankare farin ya sa mai launin toka. Ya ce aikin yini ɗaya ne, garin ni zan saya, kuma wannan karon shi da kansa zai yi.