Ƙaramar firinta mai kala ko babban injin fotokofi: wanne ya dace da shago a Maradi?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya kawo tambaya. Zai buɗe shagon fotokofi kusa da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, aikin da yake sa rai shi ne takardun ɗalibai, bangon kundin kammala karatu, da katin biki da na suna. An nuna masa sabuwar ƙaramar firinta mai kala ta HP a kwali, an kuma nuna masa babban injin Konica Minolta na hannu da aka shigo da shi ta Kano. Yana son sanin wanne zai ɗauka, kuma ko gaskiya ne tona, wato garin da injin ke bugu da shi a madadin tawada, duk ɗaya ce, kowace ka samu sai ka zuba.

Malam, amsar tambayarka ta biyu ita ce mabuɗin ta farko. Tona ba ɗaya ba ce, kuma babban abin da ya raba injinan nan biyu shi ne yadda kowanne yake ajiye tona da yadda yake kai ta kan takarda.

Asalin aikinsu dai iri guda ne. Akwai tambur, wani bututu mai rufin da ke jin haske. Ana caja fuskarsa da lantarki mai ɗaruruwan bolt, sai hasken leza ya bi ya sauke cajin a wuraren da rubutu ko hoto zai fito, garin tona kuma ya manne a nan kawai. A injin kala ana yin haka sau huɗu: shuɗi, ja mai ruwan hoda, rawaya da baƙi. Kowane launi yana sauka a kan wani faffaɗan bel, ɗaya bisa ɗaya, daga bel ɗin hoton ya koma kan takarda gaba ɗaya. Takardar ta ratsa tanda mai zafin digiri 160 zuwa 200, garin ya narke ya kama. Abin da ya rage a kan tambur da bel, wata siririyar roba ce ke kankare shi zuwa ma'ajiyar shara. Ita tonar kanta garin roba ce da aka haɗa da launi da kakin zuma na masana'anta, kowace ƙwaya ba ta wuce mikron 5 zuwa 8 ba (mikron dubu ne ke yin milimita ɗaya).

A ƙaramar firinta irin HP Color LaserJet Pro M283, tona da tambur da robar shara da wurin tara shara duk suna cikin kartush ɗaya, wato akwatin da ake zarewa a sa sabo. In ka sa sabon kartush, kusan rabin injin ka sabunta, shi ya sa ba ta cika neman mai gyara ba. Kuɗin wannan sauƙin kuwa a shafi kake biyansa. Kartush 207A baƙi shafi 1,350 ne, masu launi 1,250 kowanne. Babbansa 207X yana kai 3,150 da 2,450.

A babban inji kowane abu da gidansa. Tona tana cikin kwalba, tambur daban, kwandon shara daban, sannan ga akwatin debelofa, wanda ƙaramar ba ta da shi. A cikinsa akwai wani gari mai kama da lallausan yashin ƙarfe, wanda maganaɗisu ke riƙewa. Tona tana cuɗanya da shi, gogayyar ta ba ta caji, shi kuma ya ɗauke ta ya miƙa wa tambur. Yashin ba ya bin takarda, tonar kaɗai ke tafiya, kuma akwai na'urar da ke auna yawanta a cikin haɗin, wajen kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, tana buɗe kwalba in ya ragu. Kwalbar TN-321 ta Konica Minolta bizhub C224, C284 da C364 tana ba da shafi 27,000 a baƙi, 25,000 a launi. Ta Ricoh MP C3003 tana ba da 29,500 da 18,000. Ka ga kwalbar TN-321 ɗaya ta launi tana tsaya wa kartush 207A ashirin.

Sai dai ka yi hattara da waɗannan alƙaluma, na kowane ɓangare. Ana auna su ne da shafin da kowane launi ya rufe kusan kashi 5 cikin ɗari na takarda, wato wasiƙa mai ɗan tambari a sama. Katin biki mai hoton amarya da ado daga gefe zuwa gefe yana iya cin ninki biyar ko fiye. Kartush ɗin da aka rubuta masa 1,250 sai ya ƙare a kati ɗari biyu da ƴan kai. Kafin ka yanka wa mutane farashi, ka raba kuɗin launuka huɗu da adadin shafin da irin aikinka zai bayar, ba wanda ke jikin kwali ba.

Akwai kuma wani tarko a cikin ƙananan. Wasu masu araha, irin HP Color Laser 150 da 178 ko tsohuwar CP1025, tambur ɗaya gare su, launuka huɗu suna bin layi a kansa. A baƙi suna fitar da shafi 16 zuwa 18 a minti, a launi kuwa 4 kacal. M283 mai tambur huɗu a jere tana yin 21 ko da launi ne, bizhub C224 yana yin 22. A lokacin da ɗalibai ke rububin miƙa kundi, shafi 4 a minti korar masu saye ne. Ƙananan duk a A4 suka tsaya, ga shi ba sa son kati mai kauri da ya wuce wajen gram 200. Babban yana ɗaukar A3, yana kuma jan kati har gram 300 ta tiren gefe.

Yanzu maganar zuba tona, inda aka fi yin asara.

Tonar firintocin HP masu buga baƙi kawai da aka saba da su, masu kartush 12A da 85A, tana da sinadarin ƙarfe a jikinta domin maganaɗisu ne ke jan ta. Baƙar tonar firinta mai kala ba ta da shi. Wanda ya zuba ta 85A a baƙin kartush ɗin mai kala zai ga shafi ya yi toka-toka, garin yana zuba cikin inji. Bayan haka, tonar Brother da Kyocera cajinta kishiyar na HP, Canon, Ricoh da Konica ne. In aka musanya, garin zai je inda bai kamata ba. Kowane samfuri kuma da zafin da tonarsa ke narkewa. Wadda ba ta narke sosai ba, yatsa ma yana goge ta daga takarda; wadda ta narke da wuri takan manne a jikin tanda, ta riƙa maimaita inuwar rubutu a ƙasan shafi.

A ƙaramar firinta, kuskuren tona kartush ɗaya yake kashewa. A babban inji ɓarnar ta fi haka, domin tonar da ba ta dace ba tana shafe jikin yashin debelofa har ya kasa ba da caji. Daga nan launi ya dusashe, bayan takarda ya yi datti, na'urar awo ta ruɗe ta yi ta ƙara tona, abin ya ƙara lalacewa. Magani sai an juye debelofa an sa sabo, an kuma shiga saitin masu gyara an sanar da inji domin ya ɗauki sabon ma'auni. Wanda ya tsallake wannan mataki na ƙarshe, sabon debelofansa ma ba zai yi kyau ba. Ba mu ce dole sai tonar kamfani ba. Akwai ta wasu masana'antu mai kyau. Sharaɗin shi ne a ga lambar injinka a jikinta, kuma in ka samu wadda ta karɓe ka, ka tsaya a kanta, kada ka riƙa gauraya.

In za ka cika ƙaramin kartush, ka fara zubar da sharar da ke cikinsa, ka kakkaɓe ragowar tsohuwar tona, ka auna sabuwa a sikeli gwargwadon girman kartush ɗin, kada ka danƙara. Ka canza cif ɗinsa, wato ɗan guntun lantarkin da ke ƙirga tona, in ba haka ba firinta za ta ci gaba da cewa babu tona. Sabunta manhajar wasu firintocin HP ta intanet yakan sa su ƙi cif ɗin da ba na kamfani ba, don haka mai cika kartush ya san da wannan. Cikawa biyu ko uku, tambur da robar shara sun gaji. Tonar shara kuwa ba a mayar da ita: launuka huɗu ne a gauraye da ƙurar takarda.

Yanayin garin nan ma yana da nasa hukunci. Tona tana fara laushi tun daga digiri 50 zuwa 60, kuma shagon kwano a rufe ko bayan mota a watan Afrilu da Mayu yana iya kusantar haka. Ta dunƙule ke nan, ba ta komawa gari. A ajiye ta a inuwa, a ƙasa-ƙasa, nesa da rufin kwano, kartush a kwance, a girgiza shi gefe da gefe sau biyar ko shida kafin a sa. Da hunturu ƙura tana hawa gilashin leza, sai ka ga farin layi ya ratsa shafi daga sama zuwa ƙasa a launi ɗaya. Manyan injina da yawa suna zuwa da ɗan sandan goge gilashin a bayan ƙofar gaba. Bushewar iska tana sa takardu su manne, a barbaza su kafin a zuba. Da damina kuma takarda kan sha danshi, ta fito a lanƙwashe da launi a kodaɗe, saboda haka kada a buɗe rim sai za a yi aiki da shi. Tambur ba ya son haske. In an ciro shi a rufe da baƙar leda.

Tona in ta zube, a goge da tsumma mai ɗan danshi, a wanke hannu da tufa da ruwan sanyi, domin ruwan zafi narkar da ita yake yi ta kama zare. Kada a hura ta da baki, kada a zuƙe ta da injin shara na gida: tana ratsa matacinsa, kuma garin da ya tashi a iska yana iya kamawa da wuta. Mai cika kartush ya sa takunkumi, ya yi a inda iska ke wucewa. Ba a jefa tsohuwar kwalba a wuta.

Wajen lantarki ƙaramar ta fi sauƙin hali, wat ɗari uku zuwa huɗu take ci lokacin bugu. Babban yana kai kusan wat 1,500 sa'ad da tanda ke ɗaukar zafi, don haka yana son layinsa shi kaɗai, da sitabilaiza mai ƙarfin kVA 3, da janareton da ya fi ƙarfin nauyinsa. Ƙaramin UPS na kwamfuta ba ya ɗaukar ko ɗayansu. Ka duba allon da ke bayan inji: wanda aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, wutar NIGELEC, kamfanin lantarkin Nijar, kuwa 220 ce. Kuma duk sa'ad da aka kunna injin kala yakan daidaita launukansa a kan bel, yana cin tona ba tare da ya buga ko shafi ɗaya ba, saboda haka yawan kashewa da kunnawa asara ce.

A ganinmu, ƙaramar ta ofis ce ko makarantar da ke buga shafi ƴan ɗaruruwa a wata. Aikin da ka lissafa na babban inji ne, muddin akwai mai gyaran da ya san samfurin a nan Maradi, kuma ana samun tambur da debelofansa ba sai an jira mai zuwa Kano ba. In da hali, ka ajiye injin da ke buga baƙi kawai daban domin takardun karatu, ka bar mai kala ga aikin launi.

Kafin ka biya kuɗin na hannu, ka sa a buga maka takardar ƙidayar shafuka da ta sauran rayuwar tambur, debelofa, bel da tanda. Sannan a buga cikakken shafi na kowane launi shi kaɗai. Tabon da ke maimaita kansa a tazara ɗaya, auna shi da rula: tambur mai kaurin milimita 30 yana maimaita tabo duk bayan milimita 94, mai 24 kuma bayan 75. In tabon a launi ɗaya yake, tambur ɗin wannan launi ne, canjinsa da sauƙi. In ya fito a wuri ɗaya a dukkan launuka huɗu, bel ne ko tanda, sai ka cire kuɗinsu daga farashin tun a wurin ciniki.