Ashe i7 ɗin ma suna ya tara: rahoto daga Stuttgart

A cikin kayan da na taho da su Jamus daga Kano babu abin da na fi ji da shi kamar kwamfutata ta tafi-da-gidanka, saboda 'yar shuɗiyar takardar nan da ke manne a gefen madannanta mai rubutun Core i7, wadda duk wanda ya taɓa ciniki a kasuwar kwamfuta ta gida ya san darajarta. A ƙaramin kamfanin da nake aiki a Stuttgart muna zana sassan mota ne, mu gwada su a kwamfuta kafin a ƙera, sai aka ba ni lissafin yadda iska za ta ratsa wani bututun sanyaya inji. Na ce zan ƙarasa shi a gida. Na kunna lissafin bayan magariba, fanka ta yi ta kuka, ƙasan kwamfutar ya ɗau zafin da ba ta ɗoruwa a cinya, amma har na idar da sallar asuba aikin bai kai rabi ba. Da safe wani dattijon injiniya da muke ofis ɗaya ko kallon takardar bai yi ba. Bayanan na'urar ya buɗe, ya karanto cikakkiyar lambar firosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi, da ƙarfi, i7-7500U, sannan ya yi dariya a gaban kowa ya ce ai wannan domin rubuta wasiƙa a cikin jirgin ƙasa aka yi ta. Ya tura fayil ɗin zuwa wani baƙin akwati da ke girke a ƙarƙashin teburinsa, kafin mu dawo daga cin abincin rana an gama.

Firosesar da ke cikin akwatin nan ita ce Threadripper PRO 5995WX ta kamfanin AMD, wadda ta fito a 2022, tawa kuwa Intel ya fitar da ita a 2016. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, a rubuce saurinsu na asali ɗaya ne, gigahas 2.7, lambar da masu shago a gida ke nuna wa mai saye kamar ita ce hujjar ƙarshe. Bambancin yana wani wuri. Tawa cibiyoyin sarrafawa biyu gare ta, waccan 64. Tawa tana magana da RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi ta aikin da ake kan yi, ta hanyoyi biyu, ba ta wuce gigabait 32, waccan kuwa hanyoyi takwas ne, tana ɗaukar har terabait 2, kuma irin RAM ɗin da ke gano kuskure ya gyara da kansa, domin lissafin da zai kwana yana gudu bai kamata ya lalace saboda ɗigo ɗaya ya juya ba. Uwa uba wuta: harafin U na ƙarshen lambata yana nufin an tsara ta ne ta ci wat 15 kacal don batir ya jima, alhali waccan wat 280 take ci ita kaɗai. Kowane wat zafi yake komawa, kuma siririyar kwamfuta ba ta da inda za ta kai shi, shi ya sa idan firosesarta ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Kukan fankar da na kwana ina ji ke nan. Idan rubutu ne ko shiga intanet, da wuya ka ga bambanci tsakaninsu, kamar yadda babur da tirela duk za su kai ka Zariya. Sai ranar da aka ce buhunan siminti za a ɗauka.

Da na je sayen wata, mai shagon bai tambaye ni nawa ke aljihuna ba, tambayarsa ta farko ita ce wace manhaja zan yi aiki da ita, kuma awa nawa za ta yi tana gudu ba tsayawa. Cikakkiyar lambar firosesa da shekararta da yawan cibiyoyinta duk a rubuce suke a jikin farashi. Doka ta ɗora wa mai sayarwa alhakin aibin sabon kaya har shekara 2, wanda ya saya ta intanet kuma yana da kwana 14 ya mayar ba tare da ya faɗi dalili ba. Manyan kwamfutocin ofis irin na dattijon nan yawanci da yarjejeniya ake sayensu, idan sun lalace ma'aikaci ya zo har ofis washegari. Na tsaya a shagon ina tuna rasit ɗinmu na gida mai cewa kayan da ya fita ba ya dawowa.

Sai dai kada a ɗauka komai a nan zuma ne. Firosesar nan kaɗai, ba akwati ba RAM, dala 6,499 aka sa mata da ta fito, kuma wutar gida a Jamus tana cikin mafi tsada a Turai, wajen santi 40 na yuro kowane yunit. Gyara kuwa abin takaici ne. Fankar tsohuwar kwamfutata ta soma ƙara, na kai ta wani shago, aka ce sai na karɓi rana, kuma kuɗin dubawa kawai ya kusa rabin darajarta, daga ƙarshe aka shawarce ni da in sayi sabuwa. A ranar na yi kewar yaran nan namu masu gyara a rumfa, waɗanda za su kwance allon kwamfuta a gabanka, su gano ƙanƙanin abin da ya ƙone da mita da ƙarfen dalma, su mayar maka kafin la'asar, har da ragi idan ka iya gaisuwa. A nan allon gaba ɗaya ake canzawa, kuma ranar Lahadi ko shagon a buɗe ba za ka samu ba.

Amma cinikinmu na gida yana buƙatar gyara. Mai saye ya shigo, tambayarsa ɗaya: i5 ce ko i7? Mai shago ya nuna takarda, a yi sallama, ba wanda ya tambayi zubi na nawa ne (tawa 7500U zubi na 7 ce), ko harafin ƙarshe U ne ko H mai ƙarin ƙarfi da cin wuta, alhali i5 ta zubi na 8, irin 8250U, cibiyoyi huɗu gare ta, ta fi i7 ɗina da aka fi tsauwala wa kuɗi. Wannan ba ƙaramin zance ba ne yanzu, domin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a ƙa'ida sai zubi na 8 zuwa sama take karɓa. Kwamfutocin da ofisoshin Turai ke sallama saboda wannan dalili, zubi na 6 da na 7, su ne irin waɗanda ke cika kwantena zuwa kasuwannin gwanjo, da takardarsu ta i7 tana ƙyalli.

Wani ƙanena mai karatun zanen gine-gine ya roƙe ni in aiko masa da irin akwatin ofishinmu. Na lissafa masa. A Jamus ɗaukewar wuta, idan aka raba wa kowane gida, ba ta kai kwata ɗin awa a shekara, don haka ba wanda ke tunanin batir. Akwatin da ke zuwa da mazuƙar wuta ta wat 1,000 zai durƙusar da ƙaramin janareta, wuta na ƙiftawa aikin yini ya tafi, ga ƙurar hunturu da za ta toshe fankokinsa, ga zafin Afrilu da ke haura digiri 40 a ɗakin da babu na'urar sanyaya. Kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa da batirinta take tafe, kuma faifan sola matsakaici zai riƙe ta. Na aika masa da mai kauri, mai firosesa ajin H ta wat 45 da fanka biyu, na kuma gaya masa ya riƙa kai ta ana hure mata ƙura duk ƙarshen hunturu.