Tsinin Rumsiki da tsibin tsakuwar aman wuta, ina bambancinsu?

Malam, ka tambaya a zauren nan ko tsinin dutsen Rumsiki na wajen Mokolo a Kamaru iri ɗaya ne da ƙananan baƙaƙen duwatsun da ka gani a hoton Tibesti. Duka aman wuta ya haife su, amma kowanne da hanyar da ya bi.

Na Tibesti, irin waɗanda ke zaune kan farar kanwa a cikin ramin Trou au Natron a Chadi, zubowa suka yi daga sama. Ƙasa ta tsage, narkakken dutse mai cike da iskar gas ya yi tsiri, ya tarwatse, ya huce tun bai faɗo ba. Abin da ke zubowa tsakuwa ce baƙa ko ja, mara nauyi, jikinta duk huji-huji inda gas ɗin ya fice. Manyan guntaye su faɗi a bakin ramin, toka kuwa iska ta kwashe ta. Haka yake taruwa kamar gero a masussuka, gangarensa da wuya ya wuce digiri 35, don abin da ya fi haka miƙewa zamewa yake yi. Da yake jikinsa sako-sako ne, idan gas ya ragu narkakken dutsen yakan ɓulle ta gindi ya malala.

Saurin girmansa shi ke ba ni mamaki har yau. Tsibin Parikutin na Meziko ya ɓullo a gonar masara ranar 20 ga Fabrairu 1943, manomin na kallo. Kafin ya yi shiru a 1952 ya kai mita 424, malalarsa ta binne ƙauyuka biyu. Yawancin irinsa sau ɗaya suke amai a rayuwarsu.

Rumsiki kuwa ragowa ne. Narkakken dutse mai kauri ya daskare a maƙogwaron dutsen aman wuta bai fita ba, ruwa da iska suka shafe miliyoyin shekaru suna cinye jikin da ke kewaye da shi, har ƙashin ya tsaya shi kaɗai. Shi ya sa ba rami a kansa, kuma gefensa a miƙe yake, dutse ne curarre.

In kana son taka tsibin tsakuwa da ƙafarka ba sai ka je Tibesti ba, akwai su a kewayen Ngaundere. Ka sa takalmi mai ƙwari, tsakuwar tana da kaifi kuma ƙafa nutsewa take yi.