Dattijon da ya zagaya da mu Birni, mu da yara

Ran Asabar da ta wuce muka kwashi yaranmu uku, ni da maigida, muka nufi Birni, tsohuwar unguwar garin Damagaram (Zinder) a Nijar. A unguwar Zango muke zaune, shekara 11 ke nan, amma fadar Sarkin Damagaram sai dai in hango ta ranar hawan Sallah. Babbar ɗiyarmu ce ta matsa, wai mushensu, wato malamin makarantarsu, ya ce nan ne babban birnin ƙasa har 1926 kafin Turawa su mayar da shi Yamai, sai ta gani da idonta.

Wani maƙwabcinmu ya haɗa mu da dattijon da ke yi wa baƙi jagora, kuma aikinsa nake son in yaba. Da muka gaisa, ya durƙusa daidai tsayin yaran ya ce, "Jikokina, wa ya san sunan sarkin da ya kewaye garin nan da ganuwa?" Suka yi shiru. Nan ya ɗauko labarin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, da yadda maƙeransa suka ƙera igwa a cikin garin nan. Ɗan shekara 6 ɗinmu, wanda ba ya zama wuri guda, ya riƙe masa hannun riga har muka fito. A ƙofar fada ya sa su tuɓe takalmi su gaida dogarai yadda ya kamata. Autar kuwa jan kayan dogarai ya sa ta laɓe bayan zanena, sai da ɗayansu ya yi mata murmushi sannan ta leƙo.

Lungunan Birni ne suka fi burge ni. Ya tsayar da mu gaban wani tsohon gida na tubali, ya nuna wa yaran zankwaye a saman soro da zanen dagi a fuskar zaure, ya ce kowa ya nemo wani irinsa. Suka bazu suna ƙirge, suna gardama. Ni da nake bi ta unguwar zuwa biki da suna ban taɓa ɗaga kai na duba ba.

Inda ya ɗan gaza shi ne wajen gidan da Bature Barth, matafiyi Bajamushe, ya sauka a 1852. Ya zarce da kisan Kazamaju, wani hafsan sojan Faransa, a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, da shigowar Faransawa shekara guda bayan haka. Maigida ya ji daɗi, amma rana ta take, autar tana kuka, ruwan da na ɗauko ya ƙare. Sai da na ce, "Baba, yaran nan sun gaji," sannan ya farga ya ce, "Gaskiyarki, ɗiyata," ya kai mu inuwa.

Bai yanke mana kuɗi ba. Jikka 5 maigida ya ba shi, a ganina ya ci fiye da haka. Mai ƙananan yara ya fito tun ƙarfe 8, da ruwa mai yawa da zanen goyo. Gidan adana kayan tarihi ba mu kai ba, mun bar shi sai Asabar mai zuwa, kuma babbar ta riga ta ce da Baba za mu je.