Talabijin ko rediyo, wanne za ka fara yi wa sabon tambari na gwaji?

Ɗan'uwan da ya yi tambaya jiya da daddare, cewa yana so ya gwada hannunsa wajen sake wa wata tasha kamanni, irin wanda samari masu dizain ke yi don nishaɗi ba wai tashar ce ta sa su ba, amma ya rasa da wanne zai fara tsakanin talabijin da rediyo, kuma waya kawai gare shi da manhajojin zane PixelLab da Canva babu kwamfuta, toh ga nawa ganin. Ka fara da rediyo. Amma bari in ajiye maka su kusa da juna ka ga dalili, don kar ka ɗauka wai rediyo wasan yara ne.

Talabijin dai tambarin shi ne mafi ƙanƙantar aikin, nan ne mutane ke ruɗewa. Za ka ga yaro ya zana logo mai kyau ya ɗora shi a kan farin fili ya rubuta wai ga sabuwar NTA, a yi ta tafa masa, alhali babu inda tashar talabijin ke nuna tambarinta a kan farin fili. Tambarin yana zaune ne a kusurwar allo, ɗan mitsitsi, kuma abin da ke bayansa motsi yake yi, yanzu koren filin ƙwallo ne, anjima malami ne da farar babbar riga yana tafsiri, can da dare fim ne mai duhu. Idan logonka fari ne zai ɓace a jikin rigar malam, idan baƙi ne fim ɗin dare zai haɗiye shi. Dole ka gwada shi a kan hotuna iri-iri kafin ka ce ka gama. Sannan allon yanzu 1920 ne a faɗi 1080 a tsaye, wato 16:9, ba irin tsohuwar akwatin nan mai ƙusumbi ta 4:3 ba, kuma ba a manna abu a can bakin allo, ana barin ɗan fili kamar kashi 5 cikin ɗari ta kowane gefe saboda wasu talabijin suna yanke gefen hoto.

Bayan tambari kuma sai sandar nan ta ƙasa da ake rubuta sunan mai magana, kuma wallahi nan ne dizain ɗin Bahaushe ke tonuwa. Ka sauko da samfuri daga intanet wanda aka auna shi da suna mai kalma biyu, kai kuma baƙonka Alhaji ne, Dakta ne, ga sunansa ga na mahaifinsa ga na garinsu, a ƙasa kuma sai ka rubuta Shugaban Ƙungiyar 'Yan Kasuwar Kaza reshen Jihar Legas, kuma ka san idan ka yanke sarauta ɗaya sai an kira gidan an yi ƙorafi. Sai ka ga rubutu ya fita daga sanda, ko ka matse shi har ba ya karantuwa daga kan kujera. Ga kuma layin labarai mai gudu a ƙasa, ga agogo, ga allon shirin da ke tafe, ga ɗan bidiyon nan na 'yan daƙiƙu da tambari ke juyawa kafin labarai. Duk waɗannan sai sun yi kama da 'yan gida ɗaya. Motsin kuwa ƙwararru da manhajar kwamfuta ta After Effects suke yi, a waya za ka iya lallaɓawa da Alight Motion ko CapCut amma wayar za ta yi zafi, kai ma ranka zai yi zafi.

Ka duba BBC ma da duk kuɗinsu. Akwatuna ukun nan da muka sani a miƙe tun 1997 suke, aikin Martin Lambie-Nairn, kuma da suka tashi canji a 2021 abin da aka fi gani a tambarin shi ne sun sauya salon harafin daga Gill Sans zuwa nasu na gida mai suna Reith, suka ɗan buɗa tsakanin akwatunan. Mutane suka yi ta dariya wai me aka canza. Alhali babban aikin yana wajen sauran kayan, alamomin manhajojinsu da yadda abu ke motsi a allo. Ni a wurina wannan shi ne talabijin, mai kallo ba ya ganin rabin wahalar.

Rediyo kuma akasin haka ne, a iska babu wanda ke ganin tambarinta. Yana rayuwa ne a jikin abubuwa, ɗan akwatin da ake sa wa makirfo lokacin hira, sitika a bayan danfo (motar hayar Legas) ko keke, riga, hula, allon talla a bakin titi, sai hoton shafi a Facebook da WhatsApp wanda ake yankewa ya zama da'ira, sai kuma bangon situdiyo tunda yanzu gidajen rediyo da yawa suna haska shirinsu kai tsaye a Facebook. Duk waɗannan abubuwa ne marasa motsi, shi ya sa wayarka za ta iya. Ka zana tambari ɗaya, ka ɗora shi a wurare huɗu ko biyar, ka gama aiki cikakke wanda za ka nuna ba kunya, ba kamar talabijin da za ka yi kwata ka gaji ba.

Amma rediyo na da nata tarkon, wato lambar mita. A nan Legas tashoshi sun yi cunkoso, Eko FM na kan 89.7, Wazobia 95.1, Traffic Radio 96.1, Cool FM 96.9, Raypower 100.5, Radio Lagos 107.5, ka ga ɗan murɗawa kaɗan ka faɗa gidan wani. Lambar nan ita ce adireshin tashar. Sabbin masu zane sai su cika tambari da hoton makirfo da eriya da igiyoyin sauti da abin sawa a kunne, su tura lambar can ƙasa ƙanƙanuwa. Direban da ke cikin goslo a Oshodi yana kallon sitika a motar gabansa ba ya bukatar a nuna masa makirfo, ya san rediyo ce, lambar yake nema. Kuma ɗigon da ke tsakanin lambobin ka ba shi girma, in ba haka ba daga nesa 95.1 sai ta koma 951.

Na biyu bugawa. Allon waya da haske yake haɗa kala, ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuma da tawada huɗu yake aiki, shi ya sa koren nan mai ƙyalli da kake gani a waya idan aka buga shi sai ya fito a mace. Ka je Shomolu wajen masu buga takardu ka miƙa musu hoton da ka fitar daga PixelLab ka ce a yi maka babban allo, abu na farko da za su tambaye ka shi ne ina fayil ɗin CorelDraw, saboda naka ɗigo-ɗigo ne, ana faɗaɗa shi gefen haruffa zai farfashe, nasu kuma layi ne da ake ja ko ya kai girman bene bai lalace ba. Mai buga riga kuma sau da yawa da yawan kala yake yanka kuɗi. Don haka tun farko ka gwada tambarinka da baƙi zalla a kan fari, in ya tsaya da ƙafarsa sai ka sa kala biyu, uku in ta matsa. Ko ba za ka taɓa bugawa ba ka saba da hakan.

Rabin rediyo fa sauti ne, wannan kar ka manta. Taken tasha da muryar da ke faɗin suna da mita sun fi tambari zama a kan mutane, duk wanda ya tashi da sauraron Rediyon Kaduna ko BBC Hausa da asuba ya san haka. Ka ɗauki muryarka a waya cikin ɗaki mai labule da katifa, ka haɗa da hoton, zai ɗaga aikin sosai kuma kyauta ne.

Akwai abu ɗaya da ya shafi duka biyun, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Yawancin salon haruffa masu ado da ke cikin manhajojin nan ba su da su, kana rubuta Ƙasa sai ka ga akwati ya fito ko harafin ya zo da wani salo daban kamar baƙo. Kafin ka ƙaunaci wani salo ka fara buga waɗannan huɗun manya da ƙanana ka gani. Noto Sans yana da su, Andika ma haka, duka kyauta. A rediyo kalma biyu ko uku ce matsalarka, a talabijin kuwa kowane kanun labari sai ka ci karo da su.

Sai batun wace tasha za ka taɓa. In ka ɗauki tsohuwa kamar NTA da aka kafa tun 1977, ka sani mutane sun shaƙu da ita, duk abin da ka cire akwai wanda zai ce ka ɓata masa yarinta. Ni na fi so ka ƙirƙiri taka, ka ce ga rediyon Hausa na mazauna Legas, na mutanen Agege da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago. Ba abin mamaki ba ne ai, sashen Hausa na Rediyon Faransa, RFI, ma daga nan Legas ya fara watsa shiri a 2007. Sai dai don Allah kar ka ruga ka ɗauko dagin Arewa da raƙumi da ƙofar ganuwa ka zuba, kowa shi yake yi, har an gaji. Yaron da aka haifa a Agege danfo ya sani, rawaya da baƙin layi, ka yi tunanin abin da zai kalla ya ce wannan tawa ce.

In kuma daga baya ka matsa zuwa talabijin ka yi hattara da kanun labarin da za ka sa a sandar ƙasa. Kar ka rubuta wai wani gwamna ya yi murabus ko an rufe wata kasuwa don kawai ka ga yadda zai fito, musamman da sunan tasha ta gaske a kai, mutum ɗaya ya ɗauki sikirinshot ya tura gurup ɗin unguwa shi ke nan ya zama labari, kuma tashar na da ikon bin ka a kan sunanta. Ka sa abu kamar hasashen yanayi, ka kuma rubuta zanen gwaji ne a tsakiyar hoton inda ba za a iya yankewa ba. Wannan haɗarin a rediyo kusan babu shi.

Idan ka yi na rediyon ka turo mana shi kashi uku, baƙi da fari, cikin da'ira ƙarama daidai hoton WhatsApp, sai kuma a jikin hoton danfo da ka ɗauka da kanka daga tsallaken titi.