Hattara da masu tallar ƙarfen da ake maƙala wa sitiyari

Akwai 'yan kasuwar intanet da ke tallar wani ɗan ƙarfe mai nauyi, wani da maganaɗisu, da ake maƙalawa a gefe guda na sitiyari. Wai idan ka sa shi, motarka mai taimakon tuƙi, musamman Tesla, za ta riƙa tuƙa kanta. Ƙarya ce.

Waɗannan motoci suna mataki na 2 ne a ma'aunin SAE, ƙungiyar injiniyoyin motoci da ke auna yadda mota ke iya tuƙa kanta. Kyamara na karanta layin titi, kwamfuta na tsara inda mota za ta bi da tazarar da za ta bari, amma duk lissafin an gina shi ne a kan cewa direba na nan a shirye ya karɓa. Ta yaya mota ke sanin yana nan? A motoci da yawa, a sandar sitiyari akwai na'urar da ke auna ƙarfin murɗawa. Ba ta san hannu ba, nauyi kawai take ji. Shi ya sa ƙarfen da ke rinjayar gefe ɗaya yake ruɗinta.

Babbar ɓarnar ita ce kashe matakan gargaɗi. Idan mota ta daina jin hannu, takan nuna rubutu a allo, ta yi ƙara, daga baya ta kunna fitilun haɗari ta rage gudu har ta tsaya. Da ƙarfen nan, ko barci ya kwashe direba ko ya suma, mota na iya ci gaba da tafiya. A gudun kilomita 100 a awa, mota na cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa, ga shi tsarin yakan rikice a inda layi ya goge, ko hanya ta rabu biyu, ko wata mota ta tsaya a gaba. A hatsarin Florida na 2016, inda Tesla ta shige ƙarƙashin tirela, masu bincike sun gano daƙiƙa 25 kacal hannun direban ya yi a sitiyari cikin minti 37 da tsarin taimakon tuƙin ya yi yana aiki.

A Yunin 2018 NHTSA, hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, ta hana sayar da wani samfurin ƙarfen mai suna Autopilot Buddy. Sai masu tallar suka sauya masa suna, yau "mariƙin waya", gobe "adon sitiyari". In ka ga mariƙin waya da ake yabon nauyinsa ana lissafa motocin da yake "yi wa aiki", shi ne. Kada ka saya. Wanda ya sayo mota ta hannu daga waje kuma, ya duba bayan sitiyari, in akwai ya cire kafin ya hau titi.